Fonksiyon Ɗin da Ba a Raɗa wa Suna Ba

Dagmanet, Agadas

Zuwa ga ɗana Nasser,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da abokan haƙarka. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwar nan tawa da ta sa ni gaba tun ruwan ƙarshe. Mahaifiyarka ta aiko daga Tawa tana tambaya ko ka yi ƙiba. Na ce mata wa ya taɓa yin ƙiba a ramin zinariya? Ƙanwarka Firdausi na gaishe ka, tana ta ɗaure tukwane, za ta Ingall sayar da abinci a taron makiyaya.

To, ba gaisuwa kaɗai ta sa na ɗauki alƙalami ba. Abin nan da ka haɗa wa Alhaji Abdullahi mai motoci a ordinatar, wato kwamfuta, kafin ka gudu ka bar mu ya mutu murus. Ka san aikina a biro ɗin nan, wato ofishinsa, bai wuce in zauna gaban taswira in kalli ɗigo biyar suna rarrafe cikin hamadar Tenere ba: motar Garba, ta Bahago, ta Amadou, ta Ɗan Lami, da ta ɗan'uwanka. Kowace da balis ɗinta a jiki, na'urar da ke aiko inda take, in ɗigo ya daɗe bai motsa ba in faɗa wa Alhaji. Shekaranjiya da hantsi ina kurɓar shayi sai taswirar ta ɓace ɗungum, wani jan akwati ya fito da rubutu: Erreur dans la fonction : anonyme.

Na kashe na kunna, na kashe na kunna, shi ne dai. Na kira mai gyara na bakin kasuwa, ya hure ƙura, ya sha mini shayi, ya ce injin lafiyarsa ƙalau, ciwon na cikin rubutunka ne, shi kuwa ba ya shiga rubutun wani. Ni dai na tsufa ina bugun takardu a meri, ofishin magajin gari, ban taɓa ganin takardar da ta ɗora laifi kan marar suna ba. Wane ne shi, kuma ina zan same shi?

Alhaji yana Yamai wajen likitan ido, biro ɗin ni kaɗai ce da ƙudaje. Ɗan'uwanka ya tashi tun kafin abin ya faru, shi da mai taya shi tuƙi, da shinkafa da ruwa a manyan tanoni na ƙarfe zuwa wani filin haƙa yamma da naku. Ban ce akwai wani abu ba. Amma na saba ganinsa a ekiran ɗin ordinatar, yanzu ba na ganin kowa, kuma raina ba ya so.

Zan ba mai kai muku gazuwal, man dizal ɗin nan, wannan takarda. Ka amsa ta hannunsa, kada ka ce sai ka huta.

Gwaggonka,
Kadidia

*

Daga filin haƙa

Gwaggo,

Ina gaishe ki da girmamawa, Allah ya sauwaƙe gwiwa. Ina lafiya. Ki ce wa Inna ban yi ƙiba ba, amma kunnuwana sun cika da yashi, in an auna da su zan yi nauyi. Zinariya kam har yanzu labarinta muke ji a ramin maƙwabta.

Takardarki ta same ni na fito daga rami, na karanta na dafe kai. Nan ba rezon waya, ba ni da kwafin progiram ɗin, abin da na tuna kawai zan iya ba ki.

Marar suna ba mutum ba ne, Gwaggo. Progiram kamar gidan biki yake, aiki da yawa, kowa da nasa: wata na wanke shinkafa, wata na kan miya. Kowane ɗan aiki shi muke kira fonksiyon. In miya ta ƙone aka tambaya wa ke kanta, kowa ya ce wata ce, kin ga ba a san wa za a kama ba. Ana iya ba fonksiyon suna, ana iya barinsa haka, aiki zai yi duk ɗaya, sai ranar da abu ya lalace ake gane bambanci. Ni sauri nake lokacin, Alhaji na tsaye a kaina, ban sa wa ko ɗaya suna ba. Abin haushin ma, ni na tsara jan akwatin nan ya riƙa faɗin sunan fonksiyon ɗin da ya faɗi, sannan na bar su duka ba suna. Malaminmu na Yamai ya sha yi mana faɗa kan haka.

Ga abin da za ki yi. Ki buɗe fayil ɗin da na kira motoci. Za ki ga rubutu iri ɗaya sau biyar, kowanne da lambar mota a samansa, domin kowace mota da fonksiyon ɗin da ke karɓar saƙon balis ɗinta. A kowanne akwai kalmar function, sai baka na biye da ita. Tsakanin kalmar da bakan ki rubuta sunan direban motar, a haɗe, ba ƙugiya a kan harafi. Kada ki taɓa komai bayan wannan. Ki adana, ki danna koren maɓalli.

In akwatin ya kira sunan wani, matsalar daga motarsa take, sai ki gaya mini. In ya ci gaba da cewa anonyme, to ba daga motoci ba ne, daga wajen zanen taswira ne, ki kwantar da hankalinki. Ni ma can na fi zato.

Ki gaida Firdausi. Ki gaida ɗan'uwana Inoussa in ya dawo. Da gangan na rubuta sunan, in ji ko takardar za ta kama da wuta a hannunki, tunda tun muna yara ban taɓa jin kin kira ɗan farin nan naki da abin da ya wuce "kai" ba.

Ɗanki,
Nasser

*

Dagmanet, Agadas

Nasser,

Na gaishe ka, ko da yake ba ka cancanta ba, marar kunya. Takarda ba ta kama da wuta ba, amma da kana kusa da kunnen nan mai yashi ya sha murɗa. Karatun Yamai ne ya koya maka tsokanar gwaggonka? Gwiwa da sauƙi. Firdausi ta tafi Ingall, gidan ya yi shiru, sai ni da Nafi matar ɗan'uwanka, ita kuwa cikinta ya tsufa, ba ta da aiki sai kwanciya a zaure.

Takardarka ta daɗe a hanya, mai gazuwal ya ce taya ce ta fashe masa. Da ta iso ban ko cire mayafi ba na nufi biro. Na samu fayil ɗin, na samu kalmar taka, kuma gaskiya rubutunka ba shi da kyan gani, da ni ce shugabarka a meri da ka sake shi. Na bi su bi da bi kamar yadda ka ce: Garba, Bahago, Amadou, DanLami. Na adana, na yi bisimilla, na danna kore.

Anonyme.

Wallahi sai na ji wani sanyi a raina, tunda kai ka ce in haka ta faru ba daga motoci ba ne. Na dawo gida na gaya wa Nafi cewa Nasser ya ce motoci lafiya suke, zanen taswira ne kawai ya rikice. Ta ci tuwo ranar har da ƙari.

Ɗan'uwanka dai ya kamata a ce ya shigo tun Juma'ar da ta wuce. Amma ka san halinsa, in ya ji ƙishin-ƙishin ɗin kayan dawowa sai ya zauna jira, ba ya son jan mota wayam. Bahago da Ɗan Lami sun shigo, su ta wata hanyar suka bi. Alhaji ya bugo talho daga Yamai, an ɗaure masa ido ɗaya, ya ce kada in tada hankalin kowa.

Yanzu sai ka gaya mini mataki na gaba. Na gaji da zama gaban jan akwati kamar mai gadinsa.

Gwaggonka,
Kadidia

*

Daga filin haƙa

Gwaggo,

Gaisuwa da ban haƙuri, na tuba, ki bar mini kunnena. Ina lafiya, sai tari da kowa ke yi a nan saboda ƙurar dutse. Ki gaida Nafi, Allah ya sauke ta lafiya.

Na ji daɗi da kika ce duk kin sa musu suna kuma akwatin bai kira kowa ba. Motoci sun fita daga zargi ke nan. Saura fayil ɗin da na kira taswira. Wannan ya fi wancan tsawo, kuma a gaskiya ban tuna ko fonksiyon nawa ne a ciki ba, suna da yawa, wasu a cikin wasu. Duk inda kika ga function da baka a manne, ki ba shi suna. Kowane suna ya yi, muddin ba a maimaita ba. Ki riƙa rubuta wa kanki wanne kika sa a ina, don in akwatin ya kira shi ki kwafo mini layukan da ke ƙarƙashinsa.

Na san aiki ne mai cin rai, kuma ni ya kamata in yi shi tun farko. Ina zaune nan bakin rami ina ƙoƙarin tuno abin da na rubuta, sai in ga rabin layi, sauran ya ɓace. Da ina gaban ordinatar ɗin da kafin shayinki ya huce na gama. Mai talhon tauraron ɗan'adam guda da muke da shi a filin nan ya kwashe kayansa ya koma wani fili da aka ce an samu, don haka sai dai takarda.

Batun jinkirin Inoussa kada ya hana ki barci. Direbobi nan sukan yi mako suna jiran fasinja.

Ɗanki,
Nasser

*

Dagmanet, Agadas

Nasser,

Ina fatan tarin ya sake ka. Mu dai muna nan.

Na yi abin da ka ce. Na fara da kayan madafa: tukunya, ludayi, murhu, turmi, taɓarya, maburgi. Suka ƙare, fonksiyon ba su ƙare ba. Na shiga sunayen unguwanni, na shiga na awakin maƙwabta. Kowane na sa sai in danna kore, kowane karo anonyme. Idona har ruwa yake. Yanzu babu sauran function marar suna a fayil ɗin taswira, na bi shi da yatsa daga sama har ƙasa, na sake bi.

Nasser, ba wasa a takardar nan. Garba ya shigo jiya. Ya ce a rijiyar da suka saba haɗuwa bai ga ɗan'uwanka ba, masu rijiyar ma sun ce bai ratsa ba. Amadou ya zo daga filin da aka aiki ɗan'uwanka, ya ce mutanen can har yau jiran shinkafarsu suke. Bai isa ba ke nan. Ba jiran kaya yake ba.

Na je wurin jandarmomi. Sun karɓe ni da mutunci, suka ba ni kujera, babbansu ya buɗe taswira ya ce in nuna masa inda za su nema. Na dubi takardar, rawaya ce fetal daga wannan gefe zuwa wancan. Ya ce in motar na da balis, in kawo musu lambobin wurin da ta tsaya, ko yau sai su tashi. Na ce balis na nan, abin karanta shi ne ya mutu. Na tashi na dawo gida.

Nafi ta daina tambayata. Da safe sai ta kalli fuskata, in na dawo da tsakar rana ta sake kallo, shi ke nan. Ni na gaya mata motoci lafiya suke, yanzu ban san da wane baki zan yi mata magana ba. Abin da nake riƙe da shi guda ne, ruwa ya ɗauko, tano-tano, ba zai rasa na sha da wuri ba.

Firdausi kuma ta maƙale a Ingall, an ce kasuwa ta yi mata kyau. Da tana nan da ta kama mini Nafi, ta kuma ƙarasa mini ɗan abin da na ajiye mata a fayil na farko.

Ka yi tunani, ɗana. Kai ka gina abin nan. Ni na iya bugu, ban iya gani ba.

Gwaggonka,
Kadidia

*

Daga filin haƙa

Gwaggo,

Ina gaishe ki. A tsaye nake rubutun nan, wata ƙaramar mota za ta Agadas yanzu, na roƙi direban ya kawo miki har gida.

Mene ne abin da kika ajiye wa Firdausi a fayil na farko? Na koma na ɗauko takardarki ta biyu na sake karantawa. Garba, Bahago, Amadou, DanLami. Huɗu ne, Gwaggo. Motoci biyar ne. Na karanta layin nan a wancan karo ban ga abin da ya ɓace ba, don na saba ba kya rubuta sunansa a takarda, na ɗauka a nan ne kika tsallake shi, a ordinatar kin buga. Ni da na tsokane ki da bakina a kan haka, ban kawo a raina ba. Sai na ce miki motoci sun fita daga zargi, na tura ki kiwon awaki cikin fayil ɗin taswira.

In har ba ki buga ba, fonksiyon guda ne ya rage marar suna, kuma nasa ne. Akwai kuma abin da na tuno. A jikin balis akwai jan maɓalli na neman agaji. Saƙonsa ba irin na kullum ba ne, kuma ban taɓa gwada shi ba, ba mu danna shi ko sau ɗaya ba kafin in taho. In wani ya danna, mai yiwuwa ne fonksiyon ɗinsa ya shaƙe da saƙon, ya ja progiram ɗin duka su faɗi, kuma duk kunnawa a kansa zai sake faɗuwa.

Don girman Allah kada ki jira Firdausi. Na san nauyin abin, na san sunan surukinki ne kuma ɗan fari ne. Ki buga shi. In akwatin ya kira shi, ki buɗe jakar da ke da lambar motarsa, ki kwafi layin ƙarshe harafi da harafi, ki kai wa jandarmomi. Lambobin da suke nema na ciki.

Allah ya sa kuskure nake.

Nasser

*

Dagmanet, Agadas

Ɗana Nasser,

Na gaishe ka. Jikina lafiya. Nafi ta sauka ranar Talata, namiji, ita da shi lafiya. Ba mu san wa zai raɗa masa suna ba tukuna.

Ba kuskure kake ba. Ranar farko da na zo kan na biyar na tsaya, yatsuna suka ƙi. Na ce in sa laƙabi, sai na ga ba shi da laƙabi a bakina, tun yana cikin zani "kai" nake ce masa. Na ce to Firdausi ta dawo ta buga. Na ɗauka abin tsari ne kawai irin na meri, a cike gurbi don takarda ta yi kyau, kuma motarsa ce sabuwa a cikinsu. Ban gaya maka ba don a wurina ba abin faɗa ba ne.

Takardarka ta same ni ina shanya. Na tafi biro da ruwan wanki a hannu. Na rufe ƙofa, ban san wa nake ɓoye wa ba, na buga. Na danna kore. Akwatin ya kira shi.

Layin ƙarshe na cikin jakarsa yadda ka ce. Haruffa uku na neman agaji, SOS, lambobi, da rana. Ranar da taswira ta ɓace ce, Nasser, da hantsin nan da nake kurɓar shayi. Ashe jan akwatin nan da na yi ta zagi, na yi ta kashewa ina kunnawa, shi ne yake kirana. Duk zaman da na yi gabansa ina sa wa fonksiyon sunan ludayi, kira yake.

Jandarmomi sun tashi a ranar, Garba ya bi su. Sun samu motar nesa da hanya, ga alama iska ce ta rufe masa sawu ya kauce, ƙarfen ƙafar baya ya karye. Shinkafa na nan. Tanoni biyu da sauran ruwa. Sun kafa tanti a jikin motar, ga tokar wutar da suka yi ta hurawa, an ga sun daɗe a wurin. Su ne babu, shi da abokin tuƙinsa. Buta da dardumarsa ma babu. Akwai sawun wata ƙaramar mota da ta tsaya gefensu, ta juya ta yi gabas, wajen filayenku, har inda iska ta share shi.

Na tambayi Garba ma'anar wannan. Ya ce yana iya zama masu haƙa ne suka tsince su, suka wuce da su inda za su, tunda ba wanda zai juyo Agadas don mutum biyu. Na ce in ba su ba fa? Ya sunkuyar da kai ya ce a yi ta addu'a. Jandarmomi sun ce sun aika wa na can, amma filayen sun fi a ƙirga, kullum ana buɗe sabo, kuma ba wanda ke rubuta wa ya shigo wa ya fita.

Ban ɗora maka ba, kada ka ɗora wa kanka. Ni ma na rasa inda zan ajiye nawa, uwata haka ta yi da yayana har ta koma ga Allah, kowa yana yaba mata. Ni dai na san ina jin tsoro, irin wanda ban taɓa ji ba, kuma daga nan Dagmanet ba abin da hannuna zai kai.

Kai ne a can. Ka bar ramin nan, ka bi filayen ɗaya bayan ɗaya, wurin masu shayi, wurin masu gazuwal, wurin duk mai ɗaure karaya. Kada ka ce kana neman ɗan gwaggonka, kada ka ce direban Alhaji, wurin nan cike yake da ƴaƴan gwaggo da direbobin alhazai. Ka tambaya da suna. Ni ma jiya na je tasha na tsaya inda motocin arewa ke sauke mutane, duk wanda ya sauko na tare shi na faɗa da bakina. Matan da ke sayar da fura suka juyo suna kallona, sun san ni, sun san ko wane ne. Ban sauke murya ba.

Dogo ne, da tabo a haɓa, ka san shi. Sunansa Inoussa.

Gwaggonka,
Kadidia, uwar Inoussa